Gadon zaren kabon a goshin jirgi: nazarin wani aiki a Abhur, Jidda

Jirgin da za a yi magana a kansa na faiba ne, tsawonsa mita 11, ana ɗaure shi a ruwan Abhur da ke arewacin Jidda, inda Bahar Maliya ta kutso cikin tudu. Mai shi yana fita da masu kamun kifi da masu nutso, wani lokaci har a kwana a ruwa. Ƙorafi biyu ya kawo wa wata warshar faiba da wani Bahaushe haifaffen Jidda ke riƙe da ita tare da yaransa biyu. Na farko, ɗakin kwanan da ke goshin jirgin yana wari, ƙasan katifa kullum a jiƙe, ga funfuna. Na biyu, idan iskar arewa ta taso da yamma, goshin yakan sari ruwa da ƙarfi, don haka yana son a sauke duk wani nauyi da za a iya saukewa daga can gaba. Ya riga ya yanke shawara tun daga gida: da zaren kabon, wato wani baƙin zare mai ƙarfi mara nauyi da ake saƙawa kamar yadi, yake so a yi sabon gadon.

Da aka ɓalle tsohon gadon aka ɗora a sikeli, ya ba da kilo 45. Siffarsa irin ta goshin jirgi ce: tsawo mita 2, faɗi a wajen kai santimita 160, a wajen ƙafa santimita 60, wato fili murabba'in mita 2.2. Filawud mai kaurin milimita 18 yana auna kusan kilo 11 a kowane murabba'in mita, don haka saman gadon kaɗai ya kai kilo 24. Sauran nauyin na katakon da ke tallafe da shi ne, da ƙarafan kwana da suka yi tsatsa, da ruwan da filawud ɗin ya sha ta bakin yankan da ba a taɓa rufewa ba.

Abin da ke riƙe nauyi

Wanda bai taɓa aikin ba yakan ɗauka cewa za a yi ta jera zaren kabon ne har ya yi kauri kamar katako. In aka yi haka kuɗi sun tafi, nauyi kuma bai ragu yadda ake so ba, domin kabon da ya sha efoksi, wato ruwan gam da ake jiƙa zaren da shi ya daskare, yana da nauyin kusan giram 1.5 a kowane kubik santimita, ya ninka filawud fiye da sau biyu. Abin da ake yi shi ne fata biyu sirara na kabon, sama da ƙasa, a tsakiyarsu kuma soson PVC mai tauri. Idan mutum ya hau, fatar sama tana matsuwa, ta ƙasa tana miƙewa, soson kuma aikinsa ya hana su kusantar juna ko zamewa. Tazarar da ke tsakanin fatun biyu ita ce jarin aikin: a ninka kaurin soso, ƙin lanƙwasar allon ya ninku kusan sau huɗu, alhali nauyin da aka ƙara kaɗan ne.

Soson da aka zaɓa mai nauyin kilo 80 ne a kowane kubik mita, irin Divinycell H80, kauri milimita 20, wato kilo 1.6 a murabba'in mita. Kowace fuska ta samu saƙaƙƙen kabon mai giram 200 rufi biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace a kan digiri 45, sannan siririn zaren gilashi mai giram 100 a can waje. Jerin ƙasa dole ya zama madubin jerin sama. In an bambanta su, allon zai murɗe da zarar ya ji zafi, kuma babu mai miƙar da shi.

Lissafin ya tsaya haka a kowane murabba'in mita: soso kilo 1.6, kabon giram 800, gilashi giram 200, efoksin da zai jiƙa su kusan kilo 1, da wani giram 400 da fuskokin soson kan shanye. Jimla kilo 4, wato kilo 8.8 ga dukan saman gadon. Kowace fata kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗoriya ba, amma allon ya fi filawud mai milimita 18 ƙin lanƙwasa da kusan rabi. A kan tazarar santimita 65, mutum mai kilo 100 ya zauna a tsakiya, lissafi ya nuna lotsawar ba ta kai milimita 3 ba.

Wannan tazarar ita ta sa aka raba gadon gida uku, da azara biyu a gicciye: ta farko mai tsawon kusan santimita 128, ta biyu santimita 95. Rabawar ta kuma warware matsalar ƙofar ɗakin, wadda allo guda mai mita 2 ba zai shiga ta cikinta ba. Allon tsakiya shi ne murfin ma'ajiyar da ke ƙarƙashi, shi aka sa wa hinji. Kowace azara sandar soso ce mai faɗin milimita 50 da tsayin milimita 70. Sama da ƙasanta an shimfiɗa kabon mai zare duk a miƙe waje ɗaya, giram 300 rufi huɗu, sannan aka naɗe ta da kabon mai zare a karkace, giram 300 rufi biyu. Miƙaƙƙen zaren shi ke ɗaukar lanƙwasa, karkataccen kuma shi ke hana gefuna tsagewa kusa da inda azarar ta zauna. An yi lissafin ne a kan mutum biyu, aka ninka nauyinsu sau biyu da rabi, saboda mai kwanciya a goshi idan jirgi ya faɗo daga kan igiyar ruwa ba nauyinsa na sikeli yake dannawa ba. Azarun biyu sun tashi kusan kilo 2.

Kayan da aka saya sun fi lissafi, saboda siffar gadon tana jawo asarar yadi: saƙaƙƙen kabon murabba'in mita 12, gilashi 6, karkataccen kabon 2, kirtanin miƙaƙƙen kabon mai faɗin milimita 50 mita 20, efoksi da mai daskar da shi kilo 6.

A nan akwai maganar da mai warshar ya faɗa wa mai jirgin tun kafin a yanka yadi: "Alhaji, kilo talatin da wani abu za mu sauke maka. Amma ka sani, mafi yawansu soson ne zai sauke, ba kabon ba." Lissafi yana bayansa. Da a ce an yi fatun da zaren gilashi mai giram 800 a kowace fuska a kan soso mai milimita 25, allon zai yi tauri kamar tsohon filawud, nauyinsa kuma kusan kilo 5.6 a murabba'in mita, wato ƙarin kilo uku da rabi kacal a dukan gadon. Inda kabon ya ci kuɗinsa sosai shi ne a saman azara da ƙasanta, domin zaren kabon na yau da kullum, irin T300 na kamfanin Toray, ya ninka zaren gilashi sau uku a ƙin miƙewa. Alhaji ya ji, ya ce a yi duka da kabon. Kuɗinsa ne, jirginsa ne. Amma wanda aljihunsa bai kai ba ya sani cewa allunan gilashi da azarun kabon sun isa.

Zafin Jidda da efoksi

An fara da ɗaukar siffar wurin da kwali da siraran filawud da aka manna da gam mai zafi, domin gefen jirgi ba ya miƙewa, kuma yana buɗewa yayin da ake hawa sama. An bar tazarar milimita 6 tsakanin allo da jikin jirgi ko'ina. Kafin a shafa komai, an huda soson a duk inda ramin iska zai zauna, an kuma yanke murabba'in santimita 5 a duk inda noti ko hinji zai ratsa, aka cusa guntun G10, wato daskararren allon gilashi da efoksi, mai kauri daidai da soson. Noti ba ya kama soso. In an ɗaure shi a kan soso zalla, fatar za ta lotsa tun a ranar farko.

Allon farko ya lalace, kuma zafi ne sanadi. Yaron da ke haɗa efoksi ya zuba giram 600 a gwangwani mai zurfi da hantsi, rumfar kwano ta riga ta ɗauki zafi. Efoksi yana fitar da nasa zafin yayin da yake daskarewa, zafin kuma yana ƙara masa sauri. Kamar tuwo ne: a tukunya yana riƙe zafinsa, a faranti yana hucewa. Kafin a gama jiƙa rufi na biyu gwangwanin ya fara hayaƙi, abin da ke kan yadin kuma ya yi kauri, ya ƙi ratsa zaren. Da aka buɗe washegari, akwai fararen wurare busassu, ana ƙwanƙwasa su da kwabo sai a ji amo kamar na ganga. Ko nau'in mai daskarwa da aka yi musamman don ƙasashe masu zafi, irin 209 na West System, minti 40 zuwa 50 yake bayarwa a digiri 22, a digiri 35 kuma ya koma minti 15 zuwa 20, wannan ma a ɗan ƙaramin kofi.

Gyaran ba wuya. Ana fara aiki bayan sallar asuba, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Gwangwanayen efoksi su kwana a wuri mai sanyi. Ba a haɗa fiye da giram 200 a lokaci guda, a auna da sikeli mai nuna giram bisa rabon da kamfani ya rubuta, ba da ido ba, a dama minti biyu har da kankare gefe da gindin kofi, a juye nan take a faffaɗan faranti. Rage mai daskarwa don a samu ƙarin lokaci kuskure ne da ake yawan yi. Efoksi ba kamar ruwan faiba na poliyesta ba ne da ake ƙara masa ko rage masa ɗigo. In rabon ya kauce, ba zai taɓa yin tauri yadda ya kamata ba.

Tebur ɗin aiki gilashi ne mai kauri da aka goga wa kaki sau da yawa. Ana fara shafa wa fuskar soso efoksi da aka ɗan kaurara don ya cike ƙananan ramukansa, a jiƙa yadin rufi bayan rufi da filastik mai faɗi, sannan a ɗora yadin nailan da ake ɓarewa daga baya, sai leda mai ƙananan huji, sai auduga mai shan rara, a rufe da ledar waje a manne bakinta, don in an zuƙe iskar ciki ledar ta danne komai a jikin soso. Famfon zuƙe iska aka tsayar a kan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfinsa. In an zuƙe gaba ɗaya tun efoksin yana ruwa-ruwa, audugar za ta shanye shi, fatar ta fito a bushe. An kuma huda soson da siririn ƙusa kowane santimita 5 don iskar da ta maƙale tsakaninsa da fatar ƙasa ta samu hanyar fita.

Laimar bakin teku tana da nata sharrin. Efoksin da ya daskare a buɗe cikin iska mai danshi yakan fitar da wani maiƙo a fuskarsa, wanda fenti da gam ba sa kamawa a kai. Asiton ba ya cire shi, samfefa kuma shafe shi take yi ko'ina. Ruwa mai ɗumi da soson wanke-wanke ke fitar da shi. Yadin nailan ɗin nan yana rage wannan wahala, don idan aka ɓare shi maiƙon yana tafiya da shi.

Sai batun gasawa, wato ɗumama allon bayan ya daskare don efoksin ya ƙara jure zafi, wanda a Jidda ba a tsallake shi. Efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yakan fara laushi a wajen digiri 50 zuwa 55. Jidda ta taɓa kaiwa digiri 52 a inuwa a watan Yunin 2010, kuma ba sai an kai haka ba: ɗakin jirgi a rufe da rana tsaka yana wuce zafin waje, baƙin allo kuma a bayan a-kori-kura yana iya haura digiri 70. Allo na biyu da aka jingina da bango a rana kafin a gasa shi ya ɗan gantsare, saƙar yadin ta fito ɓaro-ɓaro a fuskarsa. An cece shi ne ta hanyar kwantar da shi a tebur, aka danne da buhunan yashi, aka gasa tare da sauran. Efoksin da ya dace shi ne wanda takardarsa ta nuna yana jure kusan digiri 80 bayan gasawa. An yi akwati da allunan hana zafi fita, da hita mai fanka, da ma'aunin zafi biyu, ɗaya kusa da hita ɗaya a can nesa. Ana ƙara digiri 10 a kowace awa har zuwa 60, a riƙe a nan awa 12 ko gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, a bar shi ya huce a hankali. Kada a wuce gona da iri, soson PVC na wannan aji ba a so ya daɗe a sama da digiri 70.

Inda kabon ya haɗu da ƙarfe

Kabon yana ɗaukar lantarki, kuma a jerin yadda ƙarafa ke cin juna cikin ruwan gishiri yana can sama kusa da zinariya. Idan ya taɓa alminiyam, ga danshin gishiri a tsakani, an haɗa batir ke nan, kuma alminiyam ɗin ne ke narkewa. Ruwan Bahar Maliya yana ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, sama da giram 35 na yawancin tekuna, ga ɗumi, don haka cin ya fi sauri a nan.

A shigarwar farko an ɗora azarun ne a kan kwanonin alminiyam da ribit, saboda su ne a hannu, kuma ba su da nauyi. Araha ba ta ado. Bayan 'yan watanni farin gari ya taru a bakin kowane ribit, biyu sun saki. Gilashin da ke kan allunan bai hana ba, domin a azarun babu shi, kuma ribit ɗin yana ratsa kabon ɗin ta cikin rami. Ɗaya daga cikin yaran ya tambaya: "Kawu, in mun shafa fenti a tsakani fa?" Amsar ita ce fenti yana gogewa da motsin jirgi, kuma ƙaramin wurin da ya goge shi zai ɗauki dukan cin, ramin ya yi zurfi da sauri.

An cire alminiyam gaba ɗaya. Duk ƙarfen da ya rage sitenles ne mai lamba 316, kuma ba inda yake taɓa kabon. Inda noti zai ratsa, ana huda ramin da ya fi shi faɗi da milimita 6, a cike da efoksi mai kauri, in ya daskare a sake huda daidai girman notin, a sa wosha na nailan sama da ƙasa. Hinji yana zaune a kan gilashi, a kan G10. Wayar fitilar karatu da ke bi ta ƙarƙashin gadon an zura ta cikin bututun roba, domin waya da ta goge a jikin kabon tamkar ta taɓa ƙarfe ne.

Jikin jirgi yana motsi, azarar kabon ba ta yi

Wannan ita ce matsalar da ta fi hatsari, kuma ba a ganinta sai an fita ruwa. Gangar jikin jirgin faiba tana numfashi da kowace igiya, musamman a goshi. Azarar kabon da aka manne gam da gefe biyu ba ta bin wannan motsi, sai ta zama turke mai tokare fatar jirgin daga ciki. Alamar farko ita ce ƙananan tsage masu kama da saƙar gizo a farin fentin waje, daidai inda bakin azarar yake. Kabon kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe, in ya kai iyakarsa karyewa yake yi farat ɗaya.

Saboda haka aka yi wa kowane bakin azara gurbi na zaren gilashi, mai siffar sirdi, aka manna gurbin a jikin jirgi da rufin gilashi uku, kowanne ya fi na ƙarƙashinsa faɗi da santimita 3, don ƙarfin ya baje a fili mai faɗi. Azarar tana zaune ne a cikin gurbin a kan roba mai kaurin milimita 4, da tazarar milimita 5 a kowane baki. Noti guda a kowane baki ne ke hana ta tsalle sama: a gefe ɗaya raminsa daidai, a ɗaya gefen ramin dogo ne don ta iya zamewa. Allunan kuma suna kwance a kan siririn roba, ba ƙara, ba guga.

Ramukan iska kusan 60 ne, faɗin kowanne milimita 28, tazara santimita 15, ba a kan azara ba, ba kuma kusa da baki da ƙasa da santimita 6 ba. Kowane rami an sa masa guntun bututun PVC da aka manna tun kafin a rufe fata, don kada soso ya fito fili. Bakin allunan an ƙwaƙule sosonsu zurfin milimita 8, an cike da efoksi mai gauraye da garin cikawa mara nauyi, an goge ya yi santsi. Ramukan ne suka magance jiƙar katifa, domin zufa da raɓar dare suna samun hanyar fita, amma sai an bar ƙofar ma'ajiyar da ke ƙasa da nata mashigin iska.

Yankan kabon yana bukatar kula. Ƙurarsa tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayi, kuma tana ƙona injin giranda da caja idan ta shiga cikinsu. Ana yanka a waje da faifan lu'ulu'u, injin zuƙe ƙura a kusa, takunkumi mai tace ƙura sosai a fuska, safar hannu ta naitiril a lokacin efoksi. Wanda fatarsa ta fara ƙin efoksi yawanci ba ta dainawa.

Alhaji ya so a bar saƙar kabon a fili ana gani. An ba shi shawarar farin fenti na poliyuretan mai haɗi biyu, saboda hasken rana da ke shigowa ta murfin sama yana cin efoksi, baƙi kuma yana tara zafi. Ya yarda, aka bar masa bakin allon kai kawai da baƙinsa a ƙarƙashin banish mai kare hasken rana. Da hinji da notuna da cikon baki da fenti, gadon ya tashi kilo 13, an sauke kilo 32 daga goshi. Saran ruwan ya ɗan ragu, amma sarƙar anga da ke gaban gadon ta fi wannan nauyi, kuma rage tsawonta ko mayar da wani ɓangarenta igiya shi ne aikin da aka ba shi shawara ya biyo baya.

Duk bayan wata shida ana ɗaga katifa a bi allunan da ƙwanƙwasar kwabo. Amo mai kaifi lafiya ne, amo mai dushi yana nuna fata ta rabu da soso, sai a huda ƙananan ramuka biyu a ɗura efoksi da sirinji a danne. Ana kwance noti ɗaya daga kowane gurbi a duba ko akwai jan tsatsa a ƙarƙashin wosha, a kuma leƙa wajen jirgin daidai bakin azarun ko tsage sun bayyana. Robar da ke ƙarƙashin azara takan taurare da zafi, idan ta fara fashewa a canza ta.